San Watanda a Allon Gwadabe

Ku gyara zama, wannan labarin ba na sauri ba ne. Wanda abin ya faru da shi ma yana nan da ransa, in hanya ta bi da ku ta Karaye kuna iya tsayawa ku gaishe shi.

A wata unguwa cikin garin akwai al'adar da aka gada tun iyaye da kakanni. Duk ƙarshen azumi magidanta sukan haɗa hannu su yi watanda. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, a sayi sa guda, a yanka ranar jajibere, a kasa naman kashi-kashi a kan buhuna, kowane gida ya ɗauki nasa. Da wannan naman ake miyar Sallah, da shi ake fita kunyar baƙi da surukai. Mai zuwa sayen san kuwa mutum ɗaya ne shekara da shekaru, wato Baba Tsoho. Shi zai tafi kara, ya zagaya sa, ya danna kwiɓi, ya kama tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora, kana ya yi ciniki. To, a shekarar da nake ba ku labari 'ya'yansa suka biya masa Umara, ya tafi, ya bar unguwa ba mai danna kwiɓi.

Nan Gwadabe ya samu ƙofa.

Gwadabe ɗan ƙanwar Mai Unguwa Sanusi ne, shi ke kula da kwamfutar da aka ajiye a zauren kawunsa saboda ayyukan ofis. Ya taɓa zama a Kano a wani shagon sayar da kwamfutoci, inda aikinsa shi ne sauke kwalaye daga mota da kaɗe ƙura. Amma tun da ya dawo gida ba ya waiwayowa sai an ce Injiniya. In rediyonka ya ƙi magana, Gwadabe ya san dalili. In ka ba shi ya gyara, to, kai ma za ka san dalilin da ya sa ake sayen sabo.

Azumin ya faɗo cikin bazara. Wata rana bayan la'asar magidanta suna zaune a gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa, kowa leɓe ya bushe, ana ta jefa wa juna maganar wanda zai je kara. Wannan ya ce ƙafa, wancan ya ce shago. Sai Gwadabe ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wa yake zuwa kara a wannan zamanin? Masu kiwo na wajen Rogo sun buɗe shafi a intanet, kowa ya ɗora hoton dabbarsa. Kuna zaune a inuwa zan kawo muku sa har gabanku, ku zaɓa, ku yi ciniki, ko takalmi ba wanda zai sa."

Sulle tela, taubashinsa, wanda ba ya barin maganar Gwadabe ta faɗi ƙasa bai taka ta ba, ya ce, "Cinikin biri a sama ke nan."

"Birinka ne a sama. Ni a kan tebur zan ajiye muku sa."

"Kwiɓin fa, wa zai danna?"

"Linzamin kwamfuta. Dannawa ce aikinsa."

Da a ce lokacin sanyi ne, da an yi musu. Amma mai unguwa ya dubi ranar da ke dukan hanya, ya dubi mutanensa, ya ce to a je a gani, gani ai ba saye ba ne.

Aka ɗunguma zaure. Allon kwamfutar sabo ne, mai faɗi, ba a daɗe da kawo shi ba. Gwadabe ya naɗe hannun riga, ya hana kowa matsowa kusa da waya, ya buɗe shafin. Hotuna suka fito jere, ko wanne bai fi ƙwayar wake ba. Mai unguwa ya ɗauko tabarau ya sa, ya cire, ya goge, ya mayar.

"Gwadabe, wannan sa ne ko kaska?"

"Saiti ne, ranka ya daɗe. Waɗanda suka ƙera injin nan ƙasar sanyi suke, idonsu daban da namu. Sai an saita shi da idon Bahaushe. A Kano ni ake kira in abu ya kai nan."

Ya shiga wurin saiti, inda lambobin faɗi da tsawon allo suke jere, ya zaɓi wanda ya yi masa kyau a ido, ya danna. Allon ya lumshe ya buɗe. Wani abu mai duhu mai gashi ya cika shi daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Mene ne wannan kuma?" in ji mai unguwa, ya ɗan ja da baya.

"Jela ce. Daga baya na fara nuna muku, yadda masana suke yi."

"To mun ga jela, Allah ya yi mata albarka. A nuna mana mai ita."

Ya sake dannawa. Wannan karon hoton ya juye ya kwanta a gefe guda, rubutun ma ya miƙe tsaye kamar tsani. Dattawa suka karkata wuya gaba ɗaya, har hular mai unguwa ta zame ta faɗi. Gumi ya fara tsattsafo wa Gwadabe, amma bakinsa bai mutu ba.

"Da gangan na kwantar da shi, don ku ga yadda zai kasance in an kayar da shi za a yanka."

Ya ja linzami dama, kibiyar ta yi sama. Ya ja sama, ta yi hagu. Ya danna abin da ya samu. Hoton ya ƙara juyawa, ƙafafu a sama, kai a ƙasa.

"Madalla," in ji Sulle. "An yanka, ga shi an rataye. Saura fiɗa."

Dannawa ta gaba allon ya yi baƙi ƙirin.

"Ya mutu ke nan?" wani ya tambaya daga baya.

"In ya mutu a mayar mana da abinmu," in ji Sulle. "Ba a watanda da mushe."

Gwadabe ya ce injin ne ya ji nauyin san, yana hutawa. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare waya ya mayar, ya yi 'yan addu'o'in da ba wanda ya ji, allon ya dawo. Sai ya lura hoton yana tsakiya, da baƙin fili a dama da hagu. Ya ce wannan ɓarnar fili ce, allon da aka saya da faɗinsa ba za a bar rabinsa ba noma ba kiwo. Ya koma cikin lambobin, ya yi ta gwadawa har ya dace da wanda ya ja hoton ya baje shi daga bango zuwa bango.

Saura launi. Hoton ya yi fari fat, kamar wanda aka wanke da toka. Gwadabe ya ce hasken rana ne ya cinye shi, yanzu zai dawo masa da launinsa na gaskiya. Ya ja wani ɗan maɓalli, komai ya zama kore.

"Ya ci ciyawa har ta fito masa a fata," in ji Sulle.

Ya ja wani, komai ya koma shuɗi kamar an tsoma a marina. Ya mayar, ya ja na uku har ƙarshe, ya rage haske, ya ƙara duhu.

"Tsaya nan," in ji mai unguwa a hankali. "Kada ka ƙara taɓa komai."

Jama'a, sa ya bayyana. Ja wur, fata tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Ƙirjinsa kamar ƙofar rumbu, cikinsa ya kusa taɓa gefen allo, ƙafafunsa gajeru masu kauri kamar turame. A gefensa ga mai shi tsaye riƙe da igiya, shi ma jibgege, ja, wuya ya haɗe da kafaɗa. A ƙasa an rubuta sunansa, Ja'afar, daga Gwangwan ta ƙasar Rogo. Ku tuna mutanen nan tun asuba ba abin da ya wuce maƙogwaronsu. Akwai wanda ya haɗiyi yawu da ƙarfi har sai da ya je ya tambayi liman ko azuminsa yana nan.

Sulle ya matso, ya ƙura ido. "Injiniya, tayar babur ɗin can da ke bayansu, me ya sa ta zama kamar ƙwai?"

"Ka dubi mai babur ɗin. Kai in shi ya hau ka, da wace siffa za ka tashi?"

"Sama fa, ya na ga ta yi ja?"

"Da almuru aka ɗauka. Kai ɗinki ka sani, bar wa masu hoto hoto."

Sulle ya ciro wayarsa, ya laluba har ya samo shafin, ya kai ta kusa da hanci. "Ni fa a nan sai na ga kamar ya fi haka tsawo. Kuma kamar da fari-fari."

Gwadabe ya yi dariya har da dafa tebur. "Ku ji mini taubashi. Yaya za a yi sa guda ya shiga abin da bai fi tafin hannu ba, bai matse ba? Kai in aka cusa ka a buta, haka za ka fito? Wayarka ce ta matse shi har jini ya bar jikinsa. Shi ya sa aka yi babban allo."

Maganar ta shiga kunnen kowa, don kowa yana so ta shiga. Sulle kansa ya dubi wayar, ya dubi allon, ya ga na allon ya fi kama da abin da yake so ya ci, ya mayar da wayar aljihu.

Aka kira Ja'afar, aka buɗe murya kowa yana ji. Bayan an gaisa, an tambayi azumi da iyali da zafi, Gwadabe ya ce suna magana ne a kan jan san nan.

"Sa ɗaya gare ni, Malam."

"To shi."

"Gaskiya ita ce, san huɗa ne, ya sha aiki, rani kuma ya taɓa shi. Ba zan ɓoye muku ba cikin watan nan mai alfarma, ya rame. Yana nan dai yadda kuka gan shi a hoto."

Gwadabe ya toshe wayar da hannu, yana ƙunshe dariya. Mai unguwa ya dubi allon ya girgiza kai. "In wannan ne ramamme, Allah ya ramar da mu baki ɗaya."

Aka ce amin. Da Ja'afar ya faɗi kuɗin da yake so, sai da Gwadabe ya sa ya maimaita, don ko rabin abin da suka zata bai kai ba. Ba a ko yi tayi ba. Gwadabe ya ce yadda suka gan shi a hoto haka suke son sa, Ja'afar ya ce Allah ya sa albarka, aka tura kuɗi ta waya, aka yi alkawarin zai kawo shi da kansa ranar jajibere.

"Mutumin ƙauye bai san abin da yake riƙe da shi ba," in ji Gwadabe. "Baba Tsoho shekara nawa yana shan rana, bai taɓa kamo irin wannan ba. Ni ko hula ban sa ba."

Daga ranar san ya shiga girma a bakin mutane. A bakin masallaci ya kai girman ɗaki. Kafin labarin ya kai kasuwa ya zama sai an cire masa ƙaho zai shiga mota. Mutanen wasu unguwanni suka riƙa zuwa zaure kallo, Gwadabe yana shigar da su rukuni-rukuni, yana hana taɓa tebur.

A gida matarsa Zaituna tana dama kunun buɗa baki ta ce, "Baban Zakiyya, ka dai gan shi da idonka ko?"

"Na gan shi da abin da ya fi ido. Ki aika garinku Turawa, ki ce da Inna da su Yaya duk a nan za su yi Sallah. Su zo da kwanuka, kada su zo da ƙanana."

"In ce da ƙanana kada su zo?"

"Bana sai sun gaji da tauna."

Zaituna ta aika, ta kuma aro babbar tukunyar da ake dafa abincin biki. Matan unguwa da suka ga tukunya ta wuce, kowace ta aika a ƙaro albasa da attaruhu. Mai kaji ya zo da kejinsa kamar yadda ya saba duk shekara, ya zagaya unguwa lungu-lungu, ko kaza ɗaya ba a taya ba. Wata ma ta leƙo ta ce masa ya kai wa waɗanda ba su da injiniya.

Gwadabe bai zauna ba. Ya auna ƙofar garkar mai unguwa da taku, ya ce san ba zai wuce ba, aka rushe gefe guda na ginin. Ya ce igiyar da aka saba ɗaure sa da ita zare ce a wurin wannan, aka aro ta masu haƙar rijiya aka ninka. Ya tara majiya ƙarfin unguwa ya koya musu inda kowa zai tsaya. Ya ce mahauci ɗaya ba zai iya ba, a kira na maƙwabta. Buhunan kasa nama ma ya ce a bar su, a shimfiɗa tamfol.

Ranar jajibere tun da hantsi ƙofar mai unguwa ta cika. Maza a gaba, mata a bakin zaure da ƙofofin gidaje, mahauta suna wasa wuƙaƙe. Gwadabe ya sha shadda, yana kai da kawo a bakin titi. Duk babbar motar da ta ɓullo sai ya ɗaga hannu ya ce a ja baya, sai ta wuce abinta.

Can sai ga wata 'yar a-kori-kura ta taho tana tari, an cika ta da damman rake, ta tsaya daidai gaban taron. Gwadabe ya buga mata gefe.

"Direba, matsa gaba. Babbar mota muke jira, kada ta murƙushe ka."

Wani dogon mutum siriri, fari, kamar karan dawa da aka sa wa riga, ya sauko ya yi sallama. Ya durƙusa ya gaida mai unguwa, ya gaida jama'a, ya tambayi wane ne Injiniya Gwadabe.

"Ga ni. In rake ne ba ma saye."

"Ni ne Ja'afar daga Gwangwan. Ga sanku na kawo."

Sai a lokacin aka lura akwai wani abu tsaye tsakanin damman raken. Farin sa ne, dogo, haƙarƙarinsa a jere kamar tankar rumbu, tozonsa ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula. Majiya ƙarfi suna riƙe da igiyar rijiya, kowa a inda aka tsayar da shi, ba wanda ya motsa. San ya sauko da kansa, ya dube su, ya bi ta ƙofar da aka rushe dominsa, ya bar filin da jaki da kayansa zai wuce ta kowane gefe, ya tarar da zanan garka ya fara ci.

Idanu suka taru a kan Gwadabe. Da wani ne, da tuni ya nemi ƙasa ta tsage, amma Gwadabe sai ya gyara hula.

"An yi mana musanya. Kai ba Ja'afar ba ne."

"Ikon Allah. To wane ne ni?"

"Kai ka sani. Ja'afar ja ne, ƙaƙƙarfa, wuyansa kamar turmi."

"Malam, tun da aka haife ni ban taɓa yin wuya kamar turmi ba. A gidanmu ma ba mai shi."

"Ina ka kai shi? Ina ka kai mutumin kirki da sansa? Ranka ya daɗe, a riƙe direban nan, bakinsu ɗaya."

Taro ya fara guna-guni, matasa suka fara matsowa kusa da baƙon. Mai unguwa ya ɗaga sanda ya ce duk wanda ya taɓa baƙo a ƙofarsa shi ya taɓa. Gwadabe ya ce ba sai an yi dogon zance ba, gani ya kori ji. Ya sa aka kinkimo tebur da kwamfuta da batirinta aka ajiye a gindin darbejiya, ya kunna, ya buɗe hoton, ya juya allon ga jama'a. Jan sa ya bayyana yana sheƙi, jibgegen mai shi a gefe. Mata suka yi salati. Har waɗanda suka fara zargin Gwadabe suka koma hararar baƙo.

Ja'afar ya matso, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo.

"Rigar tawa ce," ya ce. "Hular ma tawa ce. Babur ɗin na maƙwabcina ne. Amma gaskiya mutumin nan ya fi ni jin daɗin duniya."

"Kun ji ko? Har rigar ya karɓe masa." Gwadabe ya ji iska ta dawo masa, ya ɗaga murya yadda na bayan taro za su ji. "Injina ba ya ƙarya. Yanzu zan ɗauki hoton wannan ƙwarangwal da mai shi, in sa a allo, kowa ya gwada da na gaskiya. Daga nan sai gaban hakimi."

Ya sa aka jawo san daga jikin zana, aka tsayar da Ja'afar a gefensa riƙe da igiya. Mai unguwa da Sulle suna tsaye a bayansu a matsayin shaidu. Gwadabe ya ɗauka da wayarsa, ya haɗa ta da kwamfuta, ya juya wa allon baya don ya fuskanci jama'a, ya danna da ɗan yatsa ɗaya ba tare da ya duba ba.

"To, ku faɗa mini da bakinku. Wannan ya yi kama da wancan?"

Sai wata tsohuwa daga bakin zaure ta ce, "A'a, ga san namu ya dawo."

Gwadabe ya waiwaya. Jan sa ne a allo, ƙirji kamar ƙofar rumbu, fata tana sheƙi, da guntun zana a bakinsa. Ga Ja'afar ja jibgege, wuya ya haɗe da kafaɗa. A bayansu ga mai unguwa ya baje kamar randa, ga Sulle kumatu sun cika, kai ka ce bai taɓa jin labarin azumi ba.

Sulle ya dubi allon, ya shafa cikinsa, ya dubi allon. "Injiniya, Allah ya saka da alheri. Wata guda ina ramewa, ka mayar mini da jikina har da riba. Ko za ka sa tukunyar gidana a ciki?"

Dariya ta fashe daga baya ta taho gaba kamar ruwan kwari. Direba ya riƙe ƙofar motarsa. Mahauta suka zauna a kan tamfol. Ja'afar kansa ya rufe baki da hannun riga.

"Sabis ne," in ji Gwadabe, ya faɗa kan linzami. "Iskar waje ce ta shiga saitin. Yanzu zan daidaita."

Ya danna, kowa a allon ya zama kore. Ya danna, jama'a suka kwanta a gefe. Ya sake dannawa, sai ga mai unguwa tsaye a kan hularsa, ƙafafu a sama, a gaban talakawansa da matan unguwa.

"Sauke ni, Gwadabe," in ji mai unguwa. "Ka mayar da shi yadda yake sa'ad da muka saya, ka ɗauke hannunka."

Da ƙyar, bayan allon ya mutu ya farfaɗo, jan sa ya dawo. Mai unguwa ya zauna a kujerarsa ya tambayi Ja'afar ko zai karɓi abinsa. Ja'afar ya ce da zai iya da ya yi, amma kuɗin sun riga sun shiga taki da kayan Sallar yara, kuma a gaban kunnuwan kowa ya ce san ya rame. Dattawa suka ce haka aka yi, har amin suka ce. Aka tambayi mahauta, suka ce in aka yanka shi yau, kowane gida zai iya ɗaukar kasonsa a aljihu.

Mai unguwa ya juya yana kallon san, san yana kallon zana.

"Ja'afar, ka tafi da haƙurinmu, ka gaida mutanen Gwangwan. Sa kuwa ba za a yanka ba. Gwadabe, abin da ka nuna mana shi muka saya, shi za ka ba mu. A kai shi ƙofar gidanka a ɗaure. Dusa da harawa da ƙaiƙayi da ruwa duk a wuyanka, daga yau har Babbar Sallah. Hoton nan kuma a bar shi yadda yake, kada wanda ya taɓa saitin. Duk Juma'a za mu zo mu dubi sa, mu zo mu dubi allo."

"Kawu," in ji Gwadabe, muryarsa ta koma ta yaro, "harawa fa a bazarar nan ta fi nama tsada."

"Kai ne injiniya."

Sulle ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, jan fa? Ja muka saya."

Mai unguwa ya yi tunani. "Jan mun yafe masa. Faɗin ne ba yafiya."

Kafin azahar unguwa ta watse neman abin miya. Mai kaji ya riga ya sayar da kejinsa kaf a wasu unguwanni, sai aka bazama bakin dam wurin masunta, aka kwashe har 'yan ƙananan da a da kyanwa ake jefa wa. Shekarar har yau Sallar Kifi ake ce mata a unguwar.

Da safiyar Sallah mutanen Turawa suka iso da manyan kwanukansu, kamar yadda aka aika musu. Surukar Gwadabe ta tarar da wani farin abu ɗaure a ƙofar gida yana cin igiyar shanya, ta raɓa ta shige. Bayan an gaisa ta leƙa babbar tukunya, ta ga kifaye suna iyo a can ƙasa, nesa da juna kamar masu gaba.

"Zaituna, ina naman da aka ce sai mun gaji da tauna?"

"Kin wuce shi a ƙofa, Inna. Shi ne yake taunar tukuna."

Maigidan kuwa ba a same shi ba. Tun da aka sauko daga idi ya cire shadda, ya ɗauki lauje da buhu ya nufi fadama.

Na bi ta unguwar ana saura kaɗan Babbar Sallah, na tarar da dattawa sun fito daga zaure sun nufi ƙofar Gwadabe, ranar duba ce. San ya ci dusa, ya ci harawa, ya ci zanan gidan da na maƙwabta, har tozonsa ya fara miƙewa. Sun zagaya shi, sun ce da saura, amma ana samun ci gaba. Gwadabe yana tsaye a gefe da bokitin ruwa, riga tana yawo a jikinsa, wuya ya fito zalau. Duk faɗin da san ya ƙara, daga jikin mai kiwonsa aka ɗebo shi.

Iyakar abin da na gani ke nan, sauran yana wurin masu rabon nama.